Fok Ɗin da Ya Karya Malam Ya Dawo da Sabon Fenti

Jama'a, yau na kama mai gyaran keken bakin kasuwa dumu-dumu.

Watan jiya fok ɗin da ya sa wa keken maigidana Malam, ƙarfen nan da ke riƙe tayar gaba, ya ɓalle a hanyar Randagi. Har yau hannun Malam a ɗaure yake. Karyayyen ƙarfen a rumfar mai gyaran aka baro.

Ɗazu na je neman mai araha, don gona ba ta jira. Ya miƙo wani yana ƙyalli, ya ce, "Inna, sabo ne dal."

Na kankare fentin da farce, sai ga zane uku. Ni duk ƙarfen da ya shigo gidana sai na zana shi da ƙusa, kamar kwanukan biki. Namu ne ya yi wa walda!

Na ce, "Ɗaura wa kekenka, ka gangara kwari muna kallo."

Ya ce, "Haba Inna, ina da iyali."

Na ce, "Shi Malam ba shi da su?"

Na taho da fok ɗin. Ranar kasuwa a bakin rumfarsa zan wuni, duk mai keken da ya tsaya sai ya ga waldar nan.