Albasa Uku a Bakin Ƙofar Balkisu

Idan ka shiga Zangon Sokodé ka tambayi gidan Balkisu mai albasa, ko makaho zai nuna maka. Shekara ashirin da biyu ta yi tana hawa da sauka tsakanin Sokodé da Dapaong a kan buhuna, har warin albasa ya kama mayafanta, sabulu ya gaji ya bar su. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. Amma Allah ya ba ta hanci da babban yatsa: ta danna wuyan albasa sau ɗaya, ta kai hanci, ta san ko za ta kai damina a rumbu ko kuwa kwananta ya ƙare.

Da ciwon gwiwa ya hana ta hawa mota sai ta zauna gida, mata kuwa suka biyo ta. Bayan la'asar za ka ga tabarma shimfiɗe a ƙofar ɗakinta, randa a gefe. Duk wadda ta shigo, kafin ta buɗe baki an miƙa mata moɗa, don a Zango baƙo sai ya sha ruwa tukuna yake faɗin abin da ya kawo shi. Sannan ta kwance bakin zane ta fito da albasarta. Kuma kowa ya san halin Balkisu: in kaya na da lafiya ba ta cewa uffan, ajiyewa kawai take yi ta shiga wata hira. Sai in akwai aibi take magana. Shirunta shi ne albishir.

A cikin matan nan babu kamar Anisa ta Dapaong. Balkisu ce ta ɗauke ta daga talla a tasha, ta zaga da ita gonakin Naki-Est, ta koya mata shanya da jera rumbu. Yaya Anisa take kiran Balkisu, kuma ba ta sayar da buhu ɗaya sai ta ji ta bakin Yaya.

To, sai Nabila, 'yar Balkisu da ke aikin ofis a Lomé, ta zo Sallah ta ga wannan taro.

"Mma," in ji ta, "wannan abin da kike yi a banza, a Lomé sana'a ce. Horar da 'yan kasuwa ake ce mata. Amma sai kin buɗe shafi a intanet. Yau wanda ba shi da shafi kamar babu shi ne."

"Wa zai karanta? Matan nan ko sunansu ba su iya rubutawa."

"Sababbi za su zo, Mma, masu ilimi. Ke dai ki riƙe doka ɗaya: duk mai son shawara ya sa sunansa a shafi, a ba shi randebu, wato rana da lokacin da zai zo. Ban da shawarar bakin ƙofa, in ba haka ba ba wanda zai ɗauke ki da daraja."

Gaskiya Nabila ba mugunta ta nufa ba, so take ta ga uwarta ta ci moriyar wahalarta. Ita ma Balkisu, kar a ce ba a faɗa ba, abin ya shiga ranta. Da ta ga hotonta a waya, ga Faransanci jere a ƙasa kamar na wata minista, sai da ta sa aka nuna mata sau huɗu. Aka naɗe tabarma, aka kawo tebur da kujeru biyu. Randa ma aka mai da ita madafa, wai tana ɓata hoto.

Wata biyu shafin nan ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Matan unguwa in sun zo suka ji ana maganar randebu, sai su gaisa a tsaye su ce sun bar tukunya a wuta. Ana nan sai Nabila ta bugo cike da murna: wani mutum ya sa suna, zai zo ran Alhamis ƙarfe huɗu. Tun azahar Balkisu ta ci ado ta hau kujera.

Huɗu saura kaɗan aka yi sallama. Ta miƙe da sauri, sai ga Anisa, idanu ja, ƙafafu sun kumbura don zaman mota tun asuba.

"Yaya, ina wuni. Albasa ce na kawo ki duba mini. Buhu arba'in na zuba a rumbu, ina jiran farashin damina, amma raina bai kwanta ba."

Balkisu ta dubi agogo, ta dubi ƙofa. Babban baƙo na iya shigowa yanzu ya tarar da tallar albasa a kan tebur.

"Anisa, yanzu ina da randebu. Ki sa wani ɗan lakwal ya rubuta miki suna a shafin, a ba ki rana."

Anisa ta waiga inda randa take a da. Sannan ta kwance bakin zane, ta jera albasa uku a dokin ƙofa, ta ce, "To, Yaya. In kin sami sukuni." Ta juya tasha ko ruwa ba ta sha ba.

Mutumin ƙarfe huɗu bai zo ba, har yau ba a san ko waye ba. Da rana ta yi sanyi Balkisu ta sunkuya ta ɗauki albasa ɗaya, ta danna wuya. Wayyo! Laushi. Ta kai hanci, ta tabbatar: an tone ta ba ta gama bushewa ba, ruɓa ta fara daga ciki. A fitar da ita kasuwa cikin mako, ko a nawa ne.

Ta ɗauki waya, ta ajiye. Dokar Nabila na gefe guda, amma ba ita ce ta fi nauyi ba. Kunya ce. Da wane baki za ta kira matar da ta yi tafiyar yini ta koma da ƙishirwa? Ta ce gobe. Gobe ta ce ai Anisa za ta kira da kanta. Haka kwana goma sha biyu suka wuce, albasa uku na kan tebur suna zubar da ruwa.

Djibril direba, wanda ya saba ɗaukar musu kaya, shi ya kawo labarin. An kwashe rumbun Anisa kaf da shebur an zubar bayan kasuwa, ko buhu biyar ba a tsira da su ba.

Washegari Balkisu ta ɗaure gwiwa da ƙyalle ta hau mota. Tun daga Kara har Mango tana shirya abin da za ta faɗa, ta isa Dapaong babu ko kalma ɗaya da ta rage mata. Ta tarar da Anisa tana wanke daɓen rumbu da toka, warin ya cika gidan.

"Me ya sa ba ki sayar ba?" Abin da ya fito daga bakinta ke nan. "Ke da kika ce ranki bai kwanta ba!"

"Na bar miki su, Yaya," in ji Anisa, ba tare da ɗaga murya ba. "Na ji shiru. Na ce Yaya ta duba ta ga lafiya."

Balkisu ta zauna a kan turmi. Anisa ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta fito da moɗa cike, ta durƙusa ta miƙa mata hannu biyu.

"Sha ruwa tukuna, Yaya. Kin sha hanya."