Danƙon Malam Bawa

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bawa Disfansa, amma har yau idan na ga ana kwarfe ruwa daga kwalekwale sai gabana ya faɗi.

A gungu aka haife shi, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Lokacin samun 'yancin kai yana aikin ba da magani a Yelwa, hannunsa kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ya haɗa man shafawa na ƙaiƙayin masunta, ya ƙera murhun bandar kifi mai cin itace kaɗan, ya kuma dafa wani danƙo na liƙe jirgi wanda ruwa ba ya ratsawa. Inna takan ce tukwanenta sun fi sanin danƙo da miya. Bayan madatsar Kainji ta cinye garinmu, ya je har Ikko ya yi wa duka ukun rajista, don kada wani ya ce nasa ne.

Sai dai a takardar danƙon ya ɓoye abu ɗaya, ɓawon itacen da ake zubawa a ƙarshe. A gidanmu baki ke ba baki sirrin sana'a, kuma ɗa namiji ake ba. Na taɓa roƙonsa, ya yi dariya.

"Hajo, ke ta gidan wani ce. Yayanki Sani ya sani, ya isa."

An ce kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, to Baba bai zauna ya gani ba, mu ya bar wa. Bara Yaya Sani ya sami shanyewar jiki, magana ta ɗauke. Shi ma bai gaya wa kowa ba, yana jiran 'ya'yansa su gaji da acaɓa. Ina son Baba, amma wallahi ina jin haushinsa. Ko me zai ce yau, da zai ga 'yar gidan wani durƙushe gaban ɗansa tana nuna masa ɓawo ɗaya bayan ɗaya, tana jiran ƙiftawar ido?

Man shafawar na nan, murhun ma ya kai har Ngaski da Shanga, sunan Baba bai ɓace ba. Danƙon ne nake tsoro. Yaya ya ƙifta a kan wani ɓawo, ban sani ba ko amsa ce ko gajiya. Na dai dafa, ɗana Isa ya liƙe jirginsa da shi. Ran kasuwa zai ɗebo mata da goyonsu ya ƙetaro da su tafkin Kainji, kuma har yanzu ban gaya masa cewa hasashe na yi ba.