Bargon Zannuwan Inna

Ƙafata na bisa keken ɗinki, ina bin gefe na ƙarshe, sai ga Adda, yayata, tsaye bakin shago da goyo. Ba ta yi sallama ba. Hannu kawai tas sa taj janye bargon daga ƙarƙashin allura, zare yat tsinke.

Tab buɗe shi tana dubawa. Yatsanta yat tsaya bisa wani ƙyalle kore mai zanen ganye.

"Wanga ba zanen Inna na ba?"

"Shi na."

"Wanga fa? Na Sallar bara?"

"Shi ma."

"Almakashi kas sa ma kayan gado?"

Mai shagon abokina ne, yana ara min keke in ba shi da aiki. Yat tashi yac ce za shi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Inna nan Goronyo tar rasu, cikin ɗakin haya. Daga ƙauyenmu can wajen Shinaka munka taso, shekarar da ɓarayin daji sunka hana kowa noma. Ba mu fito da komi ba sai akwatinta na ƙarfe, shi ma ita taɗ ɗauko shi bisa kai, ta ƙi ba ni in riƙa mata. Da tar rasu mata sunka sa mishi kwado, anka ce ba mai taɓawa sai an yi arba'in, Kawu na Wurno, yayan Inna, ya raba. Nat tambayi gwaggona ko in an tashi rabo za a ba ni ko kallabi guda.

"Namiji mi za shi yi da kallabi?" in ji ta. "Kayan sawa na mata na. Kai a ba ka akuya."

Akuyar da na san ba ta mako hannuna sai kasuwa.

Don ni kowa ya san halina. Aji biyu na sakandare nab bar boko. Na yi kabu-kabu da babur, na yi cajin waya, na bi masunta dam ɗin Goronyo, na yi dakon albasa. Ba wanda nak kai ƙarshe. Inna kan ce ko tuwo ban zama in cinye, sai in tashi da loma a hannu.

A waya nag ga abin. Wata tsohuwar Baturiya ta yayyanka rigunan mijinta da yar rasu, ta haɗa su sun zama bargo. Ban jin abin da taka faɗi, hannunta kawai nika kallo. Na kalla har data ta ƙare, na sayi wata. Ɗari ya fara shigowa, ina kwana ni kaɗai ɗakin da taka kwana, akwatin na kusurwa. Kwadon ba wani kwado ba ne. Da bakin cokali nab buɗe shi. Ƙamshin turaren wuta da kanumfari yab buge ni, sai da naz zauna ƙasa. Ban taɓa leshi ba, ban taɓa sababbi ba. Waɗanda tas sa har sunka koɗe naɗ ɗauka.

Na yanke kwalin sukari murabba'i, ina aza shi bisa zane, in zagaye da alli, in bi da almakashi. A bidiyo kusurwa na haɗuwa da kusurwa. Nawa kowace inda tag ga dama taka nufa. Tsohon zane in ka haɗa shi da mai sauran ƙarfi, sai ya ja, ɗinkin ya tattare. Wani ma allura na ratsa shi yana yagewa. Abokina ya leƙo yac ce, "Wanga taswirar Najeriya kaka ɗinkawa? Ga Sakkwato can ta shige cikin Barno."

In sa reza in farke, in sake. Ban taɓa farke abu in sake ba. In ya ƙi, barin shi nika yi in kama wani. Wanga ko, in na tashi zan tafi, sai in tuna na riga na yanka.

Audugar rimi nac cire daga tsohon matashinta nas sa a ciki, tsohuwar shaddata nay yi shafi da ita. Audugar tat taru wuri guda kamar ƙulli, dole nab bi ta da allurar hannu layi-layi don ta zauna. Yatsuna duk sun huje. Bargon bai yi kyau ba, ni ma na sani. Gefe guda ya fi guda tsawo. Amma na rufa da shi sau ɗaya tun ban gama ba, kuma ranan na yi barci.

To shi ne Adda tan naɗe, tas sa ƙarƙashin hammata.

"Adda, bari in gama gefen ko."

"Ka gama a Wurno, gaban Kawu."

Ranar Juma'a munka tafi. Kawu na zaure bisa buzu, anka shimfiɗa bargon gabanai kamar kayan sata gaban alƙali. Ya daɗe yana kallo. Na ga ya gane wani zane, don ya shafa shi da tafin hannu, har nay yi zaton abin zai zo da sauƙi.

"Kai yaro, ka san kayan mamaci tun daga ranar da yar rasu ba nashi na ba? Haƙƙin magada na. Ka ci na 'yar'uwarka, ka aza ma uwarka nauyi cikin kabari."

"Kawu, Allah shi ba ka haƙuri. A sa shi cikin kasona. A riƙe akuyar, ban so."

"Kai ka zaɓar ma kanka kaso? In na bar maka shi, gobe kowane ɗa ya fasa akwati ya ce a sa cikin kasonai."

Adda tac ce, "Ni ba zannuwan ad damuwata ba, Kawu. Da su nika so in ga ɗiyata ta ɗaura in ta girma. Yanzu mi za ta ɗaura? Ƙyalle?"

Tana da gaskiya. Amma a akwatin akwai sauran zannuwa da yawa, duk nata za su zama, ita ma ta sani.

Kawu yay yanke cewa Adda ta riƙe bargon har ranar rabo. Ranar rabo ta zo, anka fiddo leshi, atamfa, kwanoni, 'yan kunne, anka kasa. Ba wanda yat ta da zancen bargo. Da nat tambaya, Kawu yac ce abin da anka lalata ba shi shiga lissafi. Bai shiga lissafi ba, kuma ba a ba ni ba. Anka miƙo min igiyar akuya.

Da albasa tan nuna na bi wata mota lodi zuwa Rara, garin da Adda ka aure. Muna jiran buhuna bakin fadama sai ga mijinta ya koro jaki da kaya. Tun daga nesa na gane launin. An ninka bargon huɗu an aza ma jakin ƙarƙashin akumari. Zufa ta jiƙa shi, igiya ta ci shi ta tsakiya, auduga na leƙowa.

Yag gan ni yay yi fara'a, don shi bai ɗauki abin komi ba.

"A'a, tela. Wallahi hannunka na da kyau. Tun da nas sa mishi wanga, bayanai bai ƙara gyambo ba. Ka ɗinka min wani mana, ina da jaki biyu."

Ni nas sauke buhunan daga bisa jakin, don aikin da naz zo yi ke nan. Ban taɓa bargon ba. Gidansu na nan kusa, ban shiga ba. Muna hanya, ina zaune bisa lodi, nad danna waya nay yi mata saƙon murya:

"Adda, na zo Rara yau, na ga inda anka kai rabon. Ba na ce ki aiko min shi ba, kada ma ki aiko. Da kin ce ba ki so, da kin ƙone shi, ya fi min. Ki gaida yara. In kun tashi taron Salla a Wurno, kada a aje min abinci."