Ƙafafun Jabez Tolliver

"To me ya hana a zana nasu ƙafafun?" na tambaye shi.

Kawu Jabez ya ci gaba da jan safar siliki zuwa gwiwa. "Ka taɓa ganin ƙafar alƙalin garin nan? Sandar rake ta fi ta nama."

Ɗan dako ne a bakin tashar jiragen ruwa ta Filadelfiya, kuma hawa da sauka da ganguna ya ba shi sha-raɓa mai kyan gaske. A zamanin da wando ke tsayawa a gwiwa, ƙafa ake fara dubawa kafin fuska. Shi ya sa Mista Pennock mai zane ya riƙe shi shekara da shekaru. Attajiri ya zo ya zauna a zana kansa da gashin aro mai hoda, ya tafi harkarsa, Kawu kuma ya sa tufafin attajirin ya tsaya a ƙarasa sauran. Ya ce idan ya kai kaya manyan gidaje, yakan ɗaga kai ya gaida ƙafafunsa a bango.

Ran nan na raka shi wurin Pennock ne don hankalinsa ba a kwance yake ba. Jijiyoyi sun fara kumburo masa, kuma ya ji an ce Pennock na neman wani.

Ya tsaya yadda ya saba, ƙafar dama gaba, an ɗan karkata ta waje. Pennock ya daɗe yana kallo.

"Jabez, siliki ba ya rufa asiri."

"Maigida, kai da ka cire wa matar gwamna haɓa guda cikin biyun da take da su, jijiya ce za ta gagare ka?"

Pennock ya yi dariya, amma bai ɗauki buroshi ba. "Naman ya sauka, dattijo. Abin da babu ba na iya ganinsa. Ɗan mai gasa burodi zai fara ran Litinin."

"Wancan? Ko ƙuda ya sauka masa sai ya yi rawa."

"Shi ya sa nake so ka koya masa tsayuwa."

Kawu ya zauna ya tuɓe safar a hankali, ya naɗe ta.

"Ka ce masa kada ya ci wake ranar," in ji shi.

Sannan ya tambayi inda za a kai hoton da ya bushe, ya ɗora shi a kai, ya nufi unguwar 'yan kasuwa.