Makanikin da ya hau da mu tudu da baya

Kullum da safe, kafin ya taɓa sifana, Baba Bari-in-ji yakan share gaban garejinsa, ya jawo tsohon kushin na mota ya zauna yana sauraron motocin da ke wucewa. Ka kawo masa taka kana ta zuba bayani, sai ya ɗaga maka hannu ya ce bari ya ji daga bakinta. Daga nan sunan ya bi shi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi, shi ya sa zan faɗi abin da na gani da idona.

Unguwarmu a kan tudu take, kuma tsohuwar bas guda ce ke hawa da mu. Ta girmi aurena. Bara ta tsiro da sabon hali: a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da ta kai tsakiyar hawa sai ta yi tari, ta shaƙe, ta tsaya. Mu sauka mu tura. Shekara biyar likita yana roƙona in riƙa motsa jiki, bas ta cika masa burinsa cikin sati biyu.

An canza filogi, an wanke kafireta, an taɓa kuloci, shiru. Ni ma na ba da fatawa cewa inji ya mutu, ni da ko ƙwan fitila zan ɗaura sai matata ta gaya min ɓangaren da ake murɗawa. Daga ƙarshe Hajiya mai motar ta yanke cewa direba ne tsufa ya kama wa ƙafa, ba ya sauya giya a kan kari. Ta ba shi sati guda. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da sitiyarin nan, ba shi da wata sana'a.

Direban ne ya kai kuka wurin Baba. Shi kuwa ko injin bai buɗe ba. Kwana uku yana zama a kujerar baya kamar kowane fasinja, har turin ma da shi aka yi. Ina jinsa yana tambayoyin da na ɗauka hira ce kawai: yaushe ake shan mai, sahun safe ma takan tsaya? Direba ya ce da safe yake cika tanki, kuma sai bayan azahar take fara rashin mutuncinta.

Rana ta huɗu ta shaƙe a inda ta saba. Mun miƙe za mu sauka, Baba ya ce kowa ya koma ya zauna, sannan ya dubi direba.

"Ƙanena, gangara ka juya ta. Da baya za mu hau."

"Yaya, da mutane a ciki?"

"Ai su ne shaidunka."

Na ƙanƙame ƙarfe ina karanto addu'o'in da ban san na haddace su ba. Bas ta hau har ƙoli, ko tari ɗaya ba ta yi ba.

A gareji na matsa masa sai ya gaya min dalili. Ashe bututun da ke zuƙo mai a gaban tanki yake, kuma ya tsage daga sama, tsagar ba ta kai tsinken ashana ba. In tanki cike yake, mai ya rufe ta. In ya yi rabi, mota kuma ta ɗaga kai, man sai ya kwarara baya, inji ya yi ta shan iska. Da aka hau da baya, man ya taru a gaba. Kafin ya liƙe tsagar da dalma, sai ya aika aka kira Hajiya, ya ɗora mata bututun a tafin hannu.

"Hajiya, ga tsohon da ya kamata ki kora."

Har yau direban nan ne ke kai ni gida.

Baba, kai ne ka tsaya tambaya a lokacin da duk muka gama yanke hukunci. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da baki ya fi mana kunne sauri, kafin mu ce wa mutum ya tsufa ya ba da wuri, mu fara shiga motarsa mu zauna a baya, ko da na kwana uku ne.