Wutar Gindin Danga

A gidanmu na Ringim, Kaka Hajjo a ƙofar ɗakinta take yi mana tatsuniya, mu kewaye wuta muna gasa dankali. Amma dare ɗaya a shekara sai ta ce a kwashi garwashin a kai gindin danga.

A bayan dangar nan Iya Saratu take, Kirista ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Ran jajiberin Kirsimeti takan kafa reshen darbejiya a tukunya, ta manna masa auduga, ta zauna tana rera waƙar haihuwar Almasihu. A garinsu, in ji ta, da ganguna ake bi gida gida. A nan kuwa muryarta ce kawai.

Kaka ba ta farawa sai waƙar ta ƙare. Kuma kullum labarin shamuwa ne, wadda fiffikenta ya karye, damina ta wuce, 'yan'uwanta suka tashi suka bar ta a kan kuka. Kowace yamma sai ta ƙwanƙwasa baki tana kiransu. Kurciyoyi ba su san yarenta ba, amma suka riƙa amsa mata da nasu kukan, har ta ga wata daminar.

Mu ne muke yin kukan kurciyoyin. In muka amsa a sanyaye sai Kaka ta ce, "Ku ɗaga murya mana. Ko tuwon bai kai ciki ba ne?"

Sai mu ji dariyar Iya ta bayan danga. "Hajjo, shamuwar nan taki har yau ba ta warke ba?"

"Ina fa, Saratu. Tana nan tana hana mu barci da waƙa."

Shekarar da Kaka ta rasu, ni ne babba. Ƙannena suka tambaya ko za a kai wutar. Na ce iska ta yi yawa a can. Gaskiyar kuwa, na fara jin kaina saurayi ne. Iya ta rera waƙarta, ta dakata tana jiran tatsuniya. Ta sake rera wata. Daga nan muka ji ta ja ƙyaure. Kafin damina danginta suka zo suka tafi da ita.

Yanzu ina Dutse, mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya sun watse. Katangar bulo ce tsakanina da maƙwabta. Bayan magariba nakan ja kujera kusa da ita, in yi gyaran murya. Duk ranar da wani ya ce, "Baba, an wuni lafiya?" nakan yi barci mai daɗi. Jiya babu wanda ya tanka.