Baba Mai Agogo, Wanda Ya Wanke Mahaifiyata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Safar, ina kan keken ɗinki, babbar 'yarka ta kira ni ta ce rai ya yi halinsa. Baba Mai Agogo, ashe gaisuwar da muka yi bara a bakin titi ita ce sallamarmu.

Masu yabonka za su faɗi yadda ka shekara arba'in a shagon nan na ƙarƙashin bene, wanda faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Za su faɗi yadda kake miƙa wa mutum agogonsa ka ce datti ne kawai, ya tafi abinsa. Ni abin da ke bakina daban ne, kuma yau ce ranar faɗinsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifina. Muka kira magini ya fasa daɓen ɗakinsa ya daidaita, don keken marasa lafiya ya samu wucewa. A ƙarƙashin daɓen ya tono wani ruɓaɓɓen tsumma, a cikinsa wani ƙarfe zagayayye, baƙi ƙirin, da rubutun Larabci ciki da bai. Babu wanda ya iya karanta shi, don haruffan ba ɗigo ba wasali. Gwaggona, yayar mahaifina, ta ɗaga shi sama ta ce, “Ga abin da ya kwantar da ƙanena.” Ba ta kama suna ba, amma duk idanu suka koma kan mahaifiyata.

Daga ranar aka hana ta ba shi abinci. Matar da ta shekara talatin tana yi masa hidima ta koma leƙen mijinta ta taga. Na nuna wa mutum biyu ƙarfen. Ɗaya ya ce a jefa shi rijiya, ɗayan ya ƙi ko taɓa shi. Sai wata maƙwabciya ta ce mini kana da gwangwani cike da tsofaffin kuɗaɗe, in gwada ka.

Ka sa gilashin nan naka na ido ɗaya, ka daɗe kana juya shi a tafin hannu. Ka gargaɗe ni kada in kuskura in dirje shi da yashi. Kwana uku kana binsa da ɗan buroshinka mai laushi, kana kwafe harafi bayan harafi a bayan takardar kalanda. A rana ta huɗu ka ce, “Ɗiyata, wannan kuɗi ne. Dirhamin azurfa. A tsakiya kalmar shahada ce, a gefe kuma shekarar da aka buga shi. Sunan garin ne ya goge, ban iya karanta shi ba.”

Na roƙe ka ka rubuta mini a takarda. Ka ce takarda ba ta da ido, ba za ta kalli kowa ba. Ka rufe shago da rana tsaka, ka biyo ni da ƙafarka mai ciwo. A tsakar gidanmu ka karanta rubutun a gaban kowa, sannu a hankali, kana nunawa da tsinken ashana. Gwaggo ta ce, “To wa ya binne shi?” Ka amsa, “Hajiya, ban sani ba, kuma ba na faɗin abin da ban sani ba. Amma ki tambayi magini, daɓen da ya fasa ya girmi auren nan. Wadda kike zargi ta tarar da shi ne, shekara talatin tana shara a kansa.”

Da yammacin ranar mahaifiyata ta ɗauki cokali ta shiga ɗakin mijinta, babu wanda ya tare ta. Wata biyar bayan nan ya cika a hannunta. Gwaggo ba ta taɓa neman gafararta ba, mahaifiyata kuma ba ta sake komawa mai fara'ar da muka sani ba, don tabon zargi ba ya bin ruwa. Amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa idar da salla ba tare da ta ambace ka ba.

Ni ce na gaza. Na ji labarin idanunka sun mutu, na ji an rufe shagon, na ji ka kwanta. Kullum sai in ce in na gama ɗinkin da ke gabana zan zo. Ɗinki bai ƙare ba, kai ka ƙare. Ranar da na shiga gidanka na tarar an riga an fita da kai. Ka yafe mini, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya suturta ka ranar da asirai ke tonuwa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, abokiyar zamanka, da 'ya'yanka da jikokinka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.